Ragar Tatsar Hazo Ko Injin Tace Ruwan Teku: Wanne Ya Fi Rufa Wa Iyali Asiri A Gaɓar Atacama?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ga hotunan ƙauyukan masunta na arewacin Chile, inda hamadar Atacama ta gangaro har bakin teku. Gidajen babu layin lantarki, babu famfo. Wasu sun kafa raga a kan tudu suna tatsar ruwa daga hazo, wasu kuma suna da ƙaramin inji mai aiki da sola da ke raba ruwan teku da gishirinsa. Tambayarsa biyu ce: ga magidanci mai mutum shida a gida, wanne ya fi? Sannan, tunda mu ma muna da hazo, ko ragar za ta yi aiki a wajenmu?

Malam, ta biyun ba ta da tsawo, bari mu sallame ta. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Hazon hunturu ƙura ce busasshiya da iska ke kwasowa daga Sahara, idan ka kafa masa raga abin da za ka tara shi ne ƙasa. Na Chile, wanda suke kira camanchaca, girgije ne mai ruwa da ke tasowa a kan igiyar ruwan sanyi ta Humboldt, iska ta turo shi ya bugi tsaunukan gaɓa. Ƙasar da yake bi ta kanta kuwa ba ta san ruwan sama ba: abin da garin Arica ke samu a shekara bai kai milimita 1 ba a matsakaici.

Kafin a kwatanta, a san abin da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi sha da girki da ɗan tsafta. Mu ɗauki 30, don a samu na wanki da wanka da bokiti. Mutum shida, lita 180 ke nan kullum. Wannan lissafin ya tsaya ne idan banɗakin na rami ne ko busasshe. Da zarar an saka masai na zamani mai zuƙe lita 6 zuwa 9 a kowane ja, sai a sake lissafi daga farko.

Raga ba ta cin wuta ko kaɗan, kuma babu abin da ke juyawa a jikinta. Wadda aka fi kafawa tana da faɗin mita 10 da tsayin mita 4, wato murabba'in mita 40, kuma gindinta yana tashi mita 2 daga ƙasa, saboda haka turakun biyu sai sun kai mita 6 a sama ban da abin da aka binne. Yadin shi ne ragar roba ta inuwa da masu lambu ke rufe shuka da ita, saƙar Raschel, mai tare kashi 35 cikin ɗari na haske, kuma ninki biyu ake yi. Dalilin ninkin shi ne idan iska ta kaɗa, ɓangarorin biyu suna gogar juna, ƙananan ɗigo su haɗu su yi nauyi su gangaro. Wanda ya ce bari ya sa mai tare kashi 80 don ya kama da yawa ya yi asara, domin iska za ta ɗauke ta kamar bango ta kewaye ta, ta tafi da ruwanta. A ƙasa akwai makwarari, galibi bututun roba ne da aka tsaga biyu, a ɗan karkata shi zuwa tanki. Fuskar ragar kuma dole ta kalli inda iska ta saba fitowa kai tsaye, a wannan gaɓar daga kudu maso yamma ne.

Abin da hotuna ba sa nunawa shi ne inda ragar take. Ba a bakin ruwa take ba. Girgijen yana zama ne a tsayin da ya kama daga kusan mita 500 zuwa 1,000 sama da teku, gidan masunci kuwa yana ƙasa kusa da kwalekwalensa. A tsakar gidan nan za ka ji danshi, ƙarfe ya yi tsatsa, amma raga ba za ta cika maka kofi ba. A dutsen El Tofo, mai tsayin kusan mita 780, matsakaicin abin da aka samu lita 3 ne a kowane murabba'in mita a rana. A Alto Patache, kudu da Iquique, ya kai wajen lita 7. To raga ɗaya a wuri irin na farko lita 120 ce, sai an kafa biyu kafin a haura 180. A wuri irin na biyu guda ɗaya ta wadatar. Tudu biyu masu kallon juna ma suna iya bambanta ninki biyu, shi ya sa masu aikin ba sa sayen katako sai sun kafa ƙaramar ragar gwaji mai murabba'in mita 1 a tsayin mita 2 sun auna abin da take bayarwa shekara guda cur.

Sai a sauko da ruwan. Nauyinsa ne ke kawo shi, babu buƙatar famfo, amma kowace gangarar mita 10 tana ƙara matsi bar 1. Gangarar mita 700 bar 70 ke nan, alhali bututun roba na kasuwa bar 10 ko 16 yake ɗauka. Dole a riƙa katse layin da ƙananan tankuna masu buɗaɗɗen baki, kusan kowace mita 80 zuwa 100 ta gangara, in ba haka ba bututun ya fashe a ƙasa. Kuɗin raga ɗaya a shekarun baya an ƙiyasta shi tsakanin dala 1,000 da 1,500, amma kilomitocin bututu da tankunan nan suna iya ninka shi sau da yawa. Nan ne arhar raga take ƙarewa ga gida ɗaya tilo.

Inji kuma a ƙofar gida yake, ruwansa ba ya ƙarewa, ba ruwansa da kaka ko rani. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Kafin ruwa ya ratsa fatar tacewa, wato siririn mayafin roba da ke cikin injin, ya bar gishirin a baya sai an matsa shi da bar 55 zuwa 65. Iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu shi ne ke yanke girman solar da za ka saya. Mai famfon matsi zalla yana cin wuta ninki biyu zuwa uku ko fiye na ɗan'uwansa, yawanci sai da janareta ko babbar inbata. Wanda ke maido da ƙarfin ruwan gishirin da ke fita, irin da ake sa wa jiragen ruwa masu filafilai, yana ba da lita 30 a awa da wat 110 zuwa 150 a batirin bolt 12 ko 24. Awa shida a rana ya kawo lita 180, ya ci ƙasa da kilowat-awa 1. Fanel na wat 400 da batir litiyam mai amfiya-awa 100 sun riƙe shi shi kaɗai. Idan za a haɗa da firji da fitilu da cajin waya, a kai fanel wat 800 zuwa 1,000. Kada sunan Atacama ya ruɗe ka: ranar da ake yabo tana can cikin hamada, a gaɓa girgije yakan rufe sama har hantsi, don haka a yi lissafi da awa huɗu na rana mai ƙarfi, a kuma kunna injin daga ƙarfe 11 zuwa la'asar don ya sha kai tsaye daga fanel, batir ya huta. Sabon inji irin wannan dubban daloli ne, ya ninka kuɗin raga sau da yawa.

A ganinmu ba a wajen wuta inji ke ba da wahala ba, a wajen shigar ruwa ne. Ƙananan nan kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da suka sha suke mayarwa ruwan daɗi, wato lita 1,800 ta ruwan teku za ta ratsa su kullum. Ruwan Humboldt kuwa cike yake da ƙananan halittu, abin da ya sa kifi ya yi yawa ke nan, kuma shi ne ke toshe filta. Bututun da aka jefa cikin teku kai tsaye zai kwaso yashi da ciyawar ruwa, ranar da teku ta yi fushi kuma ta tafi da shi. Inda gaɓar ta yashi ce, a haƙa 'yar rijiya sama da inda igiyar ruwa ke kaiwa, a sa mata kwanon siminti, yashi ya yi tatar farko kyauta. Inda dutse ne, a tara ruwan a tanki ya kwanta tukuna. Daga nan ya bi filta mai ƙofofin maikiron 20, sannan mai maikiron 5 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ruwan gishirin da ya fito a mai da shi teku nesa da mashigar, kada a zubar a tsakar gida.

Fatar tacewa tana da makasa uku. Na farko zama: idan aka kashe inji da ruwan teku a cikinsa, cikin kwanaki kaɗan ƙwayoyin cuta su hayayyafa, ruwa ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Maganinsa a ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan kowane aiki, a maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai idan ba a amfani da shi, idan tafiyar ta wata da watanni ce a jiƙa shi da maganin adanawa da kamfanin ya ambata, ba wani ba. Na biyu kulorin. Yana cinye fatar, kuma ba ta warkewa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba kulorin a tankin sha, abin da ya dace, sannan a ɗebo daga tankin a ɗauraye inji. A ware durom ɗaya na ɗauraya da ba a sa masa komai, ko a sa filtar gawayi a layin. Na uku mai: mashigar da ke kusa da inda ake zuba wa injin kwalekwale fetur ba za ta bar fata ta yi shekara ba. Wadda aka kula da ita tana yin shekara uku zuwa biyar, har fiye. Ƙaramin ma'aunin gishirin ruwa mai kamar alƙalami shi ne likitan gidan. Ƙasa da miligiram 500 a lita lafiya lau. Idan lambar tana hawa mako bayan mako, ko fata ta gaji ko wata robar toshiya ta tsage. A bar ruwan mintunan farko ya zube, ya fi gishiri.

Ita raga lalacewarta a fili take. Iska mai ƙarfi ta yage ta daga gefe, wayoyin da ke ɗaure da turaku su yi tsatsa su saki, cikinta ya yi tumbi, ɗigo ya riƙa faɗuwa bayan makwarari. Ruwan farko bayan kwanakin fari yana zuwa da ƙura da gishiri da kashin tsuntsu, a kauda shi daga tanki. Gyaranta allura ce da zare da filaya, yaro ma zai koya. Amma tana can kan dutse, tafiyar sa'o'i, kuma abin da ba na mutum ɗaya ba kowa yana jiran wani ya hau.

Abin da ya faru a Chungungo ke nan, ƙauyen masunta a bakin hamadar ta kudu, arewa da La Serena. A 1992 aka jawo musu ruwan hazo daga El Tofo da tallafin Kanada, raga ta kai 94, ana samun kimanin lita 15,000 a rana. Mutanen da a da ke jiran tankar ruwa suka yi lambuna, ƙauyen ya tashi daga mutum 300 zuwa wajen 900. Zuwa 2002 raga tara kacal suka rage a tsaye, aka koma jiran tanka. Hazon bai daina zuwa ba. Babu wanda aka ɗora wa gyara da kuɗin gyara a hannu, jama'a kuma sun fi son a kawo musu bututu irin na birni. A Maroko, a dutsen Boutmezguida kusa da Sidi Ifni, ƙungiyar Dar Si Hmad ta bi wata hanya: ragar da ta fi jure iska, mita a kowane gida, kowa ya biya ɗan abin da ya sha.

Akwai kuma maganar tanki. Lita 3 ɗin nan ta El Tofo matsakaici ne na shekara. Hazo ya fi yawa daga hunturunsu zuwa bazararsu, wajen Agusta zuwa Nuwamba, ya ja baya a watannin zafi na farkon shekara, kuma ana iya yin kwana goma babu ɗigo. Mai raga yana buƙatar ajiyar wata guda aƙalla, lita 5,400. Mai inji ajiyar kwana goma ta ishe shi, lita 1,800, gwargwadon lokacin da kayan gyara za su iso daga gari. Kowanne ne, tankin ya zama baƙi ko mai duhu don gansakuka, a ɗaure shi a kan dakali mai ƙarfi a wuri mai tudu, domin gaɓar nan ta girgizar ƙasa ce da ambaliyar teku. Ruwan duka biyun ba shi da ma'adinai sosai, salam yake a baki kuma yana cin bututun ƙarfe, sai a bi da shi ta kwalbar tsakuwar farar ƙasa kafin tanki.

To Malam, ga magidanci ɗaya da gidansa ke bakin ruwa, inji muka zaɓa, da sharaɗin a sayo shi tare da filta na shekara guda da robobin toshiya da fata ɗaya ta ajiya, kuma mutum biyu a gidan su iya ɗaurayarsa, kada ya zama sai maigida yana nan. Raga ta fi dacewa da gidan da ke kan tudun da kansa, ko gidaje goma zuwa ashirin da za su raba kuɗin bututu su ɗauki mai gyara da albashi, ko kuma ban ruwan itatuwa da shayar da awaki a can sama inda ruwan yake sauka.

'Yan'uwanmu da ke gaɓar Bahar Maliya wajen Port Sudan da Sawakin, inda ruwa ya ƙara wuya bayan fashewar madatsar Arbaat a Agustan 2024, su lura da abu biyu. Babu igiyar sanyi irin ta Chile a can, hazo mai ruwa sai a tsaunuka irin na Erkowit lokacin sanyi. Ruwan tekun kuma ya fi gishiri, kusan giram 40 a lita, don haka injin da aka rubuta wa lita 30 a awa zai ba da ƙasa da haka ko ya yi aiki da matsi mafi girma. A tambayi mai sayarwa iyakar gishirin da injin ke ɗauka kafin a biya kuɗi.