Santana da Bowie: wanne masoya suka fi yi wa maraba da dawowa?

Ƙanena, tun shekaranjiya tambayarka take raina. Ka ce wani kiɗan jita ne ya kama ka a waƙar DJ Khaled da Rihanna ta 2017, aka ce maka ai asalinsa na makaɗin jita Carlos Santana ne. Da ka bi sawu sai ka tarar tsofaffin masoyansa suna ƙunƙuni a kan Supernatural, kundin waƙoƙin da kiɗan ya fito, wanda ya dawo da shi a 1999, alhali duk cikin nasa shi ya fi kasuwa. Ka kuma ji ana ta kambama dawowar mawaƙi David Bowie ta 2013. Shi ne kake son sanin wanne aka fi yi wa kyakkyawar tarba, da abin da ke sa masoya ɗaure fuska bayan su ne suka yi ta begen gwaninsu. Mu masu jin kiɗan rok a Bauchi ba mu taɓa yawa ba, amma duka biyun da wayona aka yi su, don haka ga abin da na sani.

Sa'annin juna ne. An haifi Bowie a Landan ranar 8 ga Janairun 1947, Santana kuma a jihar Jalisco ta Meziko cikin Yulin wannan shekarar. Sai dai ɓatan da suka yi ba iri ɗaya ba ne, kuma daga nan komai ya samo asali. Santana bai je ko'ina ba. Duk tsawon shekarun 1990 yana yawon wasa gari gari, gidajen rediyo ne suka daina sa shi, kamfanonin faifai suka juya masa baya. Shi kuwa Bowie da ƙafarsa ya shige gida ya ja ƙofa, mutane na waje suna cigiya. Ɗaya yana tsakar kasuwa an daina ganinsa, ɗaya ana nemansa ruwa a jallo.

Wanda aka daina gani dole ya nemi abin da zai sa a waiwayo. Santana ya koma wurin Clive Davis, mutumin da ya fara ɗaukarsa a kamfanin Columbia tun ƙarshen shekarun 1960, wanda a lokacin yake shugabancin kamfanin faifai na Arista. Shawarar da suka yanke ita ce a gayyato mawaƙan da matasa ke yayi, su rera, shi ya bi su da jita. Haka Supernatural ya fito a watan Yunin 1999, watan da muka rasa Alhaji Mamman Shata, shi ya sa ba na manta lokacin. Akwai Rob Thomas a ciki, da Lauryn Hill, da Dave Matthews, da Everlast, Wyclef Jean ya sa hannu a "Maria Maria" wadda ka ji kiɗanta, sannan Eric Clapton a waƙar ƙarshe. "Smooth" ta yi mako 12 a saman jadawalin Billboard na Amurka, "Maria Maria" ta yi mako 10. Rabon da kundin Santana ya zo na ɗaya a can tun 1971, shekara 28 ke nan. A watan Fabrairun 2000 ya kwashi lambobin yabo na Grammy takwas a dare guda, adadin da Michael Jackson ya kafa a 1984. A Amurka kaɗai an tabbatar da cinikin kwafi miliyan 15.

Ni a unguwar Wunti na fara jin sa, wajen wani mai kaset da muke zuwa ya ɗaukar mana waƙoƙi. Kundin ya haura awa guda, sai a kaset mai minti casa'in yake shiga, ya rubuta sunan da jan biro a jikin kwalin. Ranar da na je karɓar nawa na tarar da wani dattijo, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana zaune a benci da hularsa a gwiwa. Mai shagon ya sa masa kaset ɗin don ya burge shi, don ya san yana da faifan garmaho na Abraxas, kundin Santana na 1970. Waƙar farko ta wuce yana kaɗa ƙafa. Da aka shiga waɗanda baƙi ke rerawa sai ƙafar ta tsaya. Ya saurara har kusan rabi, sannan ya ce, "Yaro, kashe. An mai da mai gida ɗan rakiya." Ya ɗauki hularsa ya fita, mu kuma samari muka ce a mayar mana daga farko.

Maganar dattijon nan ita ce ƙorafin tsofaffin masoya gaba ɗaya, ko a Bauchi ko a San Francisco. Sun saba da Santana mai sakin jita ta yi ta kuka minti bakwai, takwas, ganguna na amsa mata, babu mai katse ta. A sabon kundin sai ta koma leƙowa tsakanin baiti da baiti, an yanka waƙoƙin daidai abin da rediyo ke so. Ga kuma wani abu da ba kasafai suke furtawa ba: kishi. Mutumin da ka riƙe shekara talatin, lokacin da kowa ya watsar da shi, yau ga yara sun cika wurin suna ce maka sun gano wani sabon makaɗi.

Na fahimce su, amma ban bi su duka ba. Tun asali ba a san Santana da rera waƙa ba, makaɗi ne, kuma kullum da muryar wani yake tafiya. Gregg Rolie ne ya rera "Black Magic Woman", waƙar kuma ta Peter Green ce. "Oye Como Va" ta Tito Puente ce. "Jingo" da ke kundinsa na farko na 1969, daga Babatunde Olatunji ya samo ta, ɗan Najeriya, makaɗin ganga da ya yi suna a Amurka. Aro da haɗa gwiwa su ne sana'arsa tun yana saurayi, har Gana ya zo ya yi wasa a 1971. To don ya gayyaci sa'annin 'ya'yansa a 1999, ban ga inda ya sauka daga layinsa ba. Ko a waƙar da ta fi kowacce kama da ta rediyo, da jitar ta shigo ka san hannun wane ne, tana jan sauti guda ta riƙe shi har sai ka ji a ƙirjinka. Kuma ba duka kundin ne na baƙi ba, akwai irin su "Africa Bamba" da "Migra" da waƙar buɗewa, inda ƙungiyarsa ce ke kiɗanta kamar da.

Inda gaskiya ta koma hannun tsofaffin shi ne abin da ya biyo baya. Da aka ga dabarar ta yi riba sai aka maimaita ta a Shaman na 2002, aka sake a All That I Am na 2005. A nan ni ma na gaji, don baƙin sun fara yi wa gidan yawa. Sai a 2016 ya tara yawancin abokan kiɗansa na farko suka yi Santana IV, wanda shi ne irin dawowar da dattijon Wunti ya so tun farko. Bai yi ko kusa da kasuwar Supernatural ba.

Na Bowie kuma wata hanya ce dabam. Ya fitar da Reality a 2003, yana cikin zagayen wasa a Jamus a watan Yunin 2004 ciwon zuciya ya kama shi, aka yi masa aiki a Hamburg, aka soke sauran wasannin. Bayan 2006 bai sake hawa dandali ya yi waƙa ba. Yana zaune a New York da matarsa Iman, 'yar asalin Somaliya, ba hira da 'yan jarida, ba sanarwa. Shekaru suka yi ta tafiya har yawancin masoya suka haƙura, wasu ma suna raɗe-raɗin jikin ne ya ƙi. Ashe kusan shekara biyu yana shiga wani ƙaramin situdiyo a ɓoye tare da mai shirya waƙoƙi Tony Visconti, wanda suke aiki tare tun ƙarshen shekarun 1960, duk makaɗin da ya shiga sai ya sa hannu a takardar cewa ba zai faɗa wa kowa ba.

Ranar Talata 8 ga Janairun 2013, ranar da ya cika shekara 66, aka wayi gari da sabuwar waƙa a intanet, "Where Are We Now?", babu wanda aka gaya wa tana tafe. Ina tuna safiyar. Hunturu ne sosai, hazo ya rufe duwatsun Bauchi, ina wajen mai shayi a Yelwa abokina ya kira ni, muryarsa na rawa. Na zaci rasuwa aka yi. Ya ce in tsaya yana zuwa. Muka zauna mu biyu da waya ɗaya, kowa da kunne guda na abin sauraro, sabis na yankewa yana dawowa. Waƙa ce mai sanyi, muryar ta tsufa kuma bai ɓoye tsufan ba, yana ambaton tituna da wuraren Berlin inda ya zauna a ƙarshen shekarun 1970. Da ta ƙare abokina bai ce komai ba, shayinsa ya huce a gabansa, sai can ya ce, "Ashe yana nan."

Kundin, The Next Day, ya fito a watan Maris da waƙa 14. Waɗanda suka ɗauka duk haka zai kasance a sanyaye sun sha mamaki, don yawancinsa rok ne mai ƙarfi, jita da ganga a gaba. Babu baƙon tauraro ko ɗaya. Makaɗansa na da ya kira, irin su Earl Slick da Gail Ann Dorsey. Bangon ma hoton kundinsa na 1977 ne, "Heroes", aka manna farin murabba'i a kan fuskar, abin da sai wanda ya san tsohon zai gane. Ya zo na ɗaya a Birtaniya, karo na farko tun 1993, ya zo na biyu a Amurka. Bai yi hira ba, bai fita zagayen wasa ba, ko lambar yabo ta Brit da aka ba shi a 2014 'yar tallan kayan ƙawa Kate Moss ce ta je ta karɓar masa.

Tsofaffin masoyansa ba su rabu biyu ba kamar na Santana, kusan baki ɗaya suka yi murna. Sai dai, ƙanena, a ganina rabin yabon nan ajiyar zuciya ce. Wanda ka fitar da rai da shi ya yi sallama a ƙofar gida, ba ka tsayawa duba ko rigarsa ta yi masa kyau. Da ƙura ta lafa, cikin masoyan ma an samu masu cewa kundin ya yi tsawo, tsakiyarsa akwai waƙoƙin da suka yi kama da juna, kuma duk abin da ke ciki ya taɓa yin irinsa. Ni ma haka na ji bayan wata biyu ina juya shi. Abin da ya ƙara fito da wannan fili shi ne Blackstar, wanda ya yi da makaɗan jaz ya fitar ranar 8 ga Janairun 2016, kwana biyu kafin ciwon dajin hanta ya yi ajalinsa. Shi ne kundinsa na farko da ya zo na ɗaya a Amurka. Tun daga nan da yawa suka koma kallon The Next Day a matsayin share fage.

To ka ga amsar ta danganta da masoyan da kake nufi. In yawan jama'a ne da ciniki da lambobin yabo, Santana ya yi wa Bowie fintinkau, ba a ma haɗa su. In kuwa waɗanda suka yi jiran ne, Bowie ya fi samun tarba, domin su ya dawo wa, da harshen da suka sani ya yi musu magana. Santana sababbin kunnuwa ya fita nema, ya kuma same su, na da suka ji kamar an yi biki a gidansu ba a ba su goron gayyata ba. Ka ɗauka a ce Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, ya shiga situdiyo an ɗora masa fiyano, samari na rerawa, kuntigi na leƙowa jefi jefi. Iyayenmu za su ce an ɓata, yaran da ba su taɓa jin kuntigi ba kuma ta nan za su san shi. Kai kanka ta wannan ƙofar ka shigo, jitar 1999 ce ta biyo ta waƙar 2017 ta same ka.

In ka tambaye ni wanda na fi komawa gare shi yau, Supernatural ne, duk da ƙorafin da na yarda da wani sashe nasa. Na Bowie ranar fitowarsa ce ta fi zama mini a rai fiye da waƙoƙin, in ka cire ta farkon nan da ta rufewa, "Heat".

Shawarata, kada ka fara da kundin dawowar. Nemi Abraxas ka ji shi daga farko har ƙarshe, ba tsallake, sannan ka sa Supernatural, a nan za ka gane abin da ya tsayar da ƙafar dattijon nan. Bowie kuma ka fara da "Heroes" kafin The Next Day, ka bar Blackstar sai daren da ba ka da hayaniya. Kaset ɗina mai jan biro yana nan a akwati, rikodar ce ta mutu. In ka shigo Yelwa ranar Asabar ka biyo, akwai mai gyara a bakin titi, sai mu kai masa tare.