Ruwa ne ko kitse? Abin da sikeli yake nuna miki kowace safiya

Wata 'yar uwa ta yi tambaya, kuma na san ba ita kaɗai abin yake damu ba. Ta ce mako uku ke nan da ta rage tuwo da shinkafa, ta bar lemon kwalba, kullum bayan Asuba tana tattaki na minti arba'in, a wannan makon kuma ta ƙara da tsallen igiya. Makon farko kilo biyu suka zube, daga nan abu ya tsaya cak. Safiyar Asabar ta hau sikeli ta ga 84, ta sha biki Asabar da Lahadi, safiyar Litinin sai ga 85.6. Ta ce, "Yanzu duk wahalar da na sha ta tashi a banza ke nan saboda cin kwana biyu?"

'Yar uwa, ba ta tashi a banza ba. Sikeli bai san kitse ba, duk abin da ya tsaya a kansa yake aunawa: ƙashi, tsoka, jini, ruwa, abincin da ke cikin hanji, har da zanin da kika ɗaura. A cikinsu biyu ne suka fi motsi idan mutum yana rage ƙiba, wato ruwa da kitse, kuma tafiyarsu ta sha bamban ƙwarai. Ruwa baƙo ne, yau ya sauka da kayansa, jibi ya kama hanya. Kitse ɗan gida ne, bai shigo a rana ɗaya ba, ba kuma zai fita a rana ɗaya ba.

Mu fara da saurin tafiyar kowannensu, don nan ne lissafin yake warware komai. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) kusan 7,700. Idan kina rage kalori 500 kullum daga abin da jikinki yake ƙonawa, kuma wannan ragi ne mai kyau, a mako kin rage 3,500, wato kusan rabin kilo. Ki raba shi gida bakwai, za ki samu kusan giram 65 a rana. Yawancin sikelin gida mai nuna lamba da giram ɗari-ɗari yake tafiya. Ke nan kitsen da kika sauke jiya, da duk tattakin da haƙurin, bai kai ya motsa lambar ƙarshe ta sikelin ba. Shi kuwa ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce cif. Ki shanye ledar fiya wata biyu ki hau sikeli, kin ƙara kilo guda nan take. Kusan rabin nauyin mace ruwa ne, mai kilo 84 tana yawo da lita arba'in ko kusa da haka, don haka lita ɗaya da rabi ta ƙaru ko ta ragu ba wani labari ba ne a wajen jiki. Duk wanda ya taɓa hawa sikeli da La'asar a azumin lokacin zafi, ya sake hawa bayan Tarawihi, ya ga wannan da idonsa.

Yanzu ki juya lissafin kan bikinki. Kafin kilo 1.6 ya zama kitse, sai kin ci kalori sama da 12,000 bisa abin da jikinki ya ƙone. Mu ɗauka kowane farantin dafa-duka da kaza ya kai kalori 800. Sai kin tashi da faranti goma sha biyar a kwana biyu, ban da cinki na yau da kullum. Na tabbata ba ki yi haka ba. Ƙila kin ƙara ɗan kitse, giram ɗari biyu ko uku idan kin saki jiki sosai, amma sauran duk ruwa ne da abincin da bai gama wucewa ba.

To me ya kawo ruwan? Abu na farko sitaci, kuma shi ne ya yaudare ki tun makon farko. Jiki yana ajiye sukarin da ya samu daga tuwo, shinkafa, waina, burodi da taliya a hanta da tsoka, ana kiran wannan ajiya gilaikojin. Hanta tana riƙe kusan giram 100, tsoka kusan 400, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da kika rage tuwo, jikinki ya ci wannan ajiya, ruwan da ke maƙale da ita ya fita ta fitsari. Mafi yawan kilo biyun da suka faranta miki rai daga nan suka fito. Da kika ci shinkafa da waina a wajen biki, ajiyar ta sake cika, ruwanta ya dawo. Abin da ya tafi da sauri shi ne ya dawo da sauri. Kitsen da kika sauke a hankali cikin makonni ukun nan yana nan a sauke, ruwan ne ya rufe shi.

Na biyu gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi guda. Ki tuna girkin biki: ga gishiri, ga Maggi an ɓare su da yawa a tukunya, ga naman da aka soya da yaji, ga ɗan kilishi ko tsire a hanyar dawowa. Jiki yana riƙe ruwa don ya daidaita gishirin da ya shigo, har sai ƙoda ta fitar da rarar cikin kwana biyu ko uku. Alamarsa a bayyane take: ki tashi da safe zobe ya matse yatsa, fuska ta ɗan kumbura, ƙishirwa ta dame ki. Kitse ba ya matse zobe a dare ɗaya.

Na uku tsallen igiyar da kika fara. Tsokar da ba ta saba da aiki ba tana samun 'yan ƙananan raunuka, jiki ya tura ruwa wajen don gyara, shi ne ciwon ƙwauri da cinya da ake ji washegari. Wannan ruwan yakan kai mako ɗaya ko biyu kafin ya sauka. A nan zan saɓa wa masu cewa "ai tsoka kike ƙarawa, shi ya sa sikeli ya hau." Maganar tana da daɗin ji, amma tsoka ta ma fi kitse jinkiri wajen motsi. Mace mai ɗaga ƙarfe da gaske watanni take ɗauka kafin ta ƙara kilo guda na tsoka, balle mai tattaki da tsallen igiya na mako ɗaya.

Sai al'ada, wadda ba ki ambata ba amma ki duba kwanan wata. Mata da yawa suna ƙara rabin kilo zuwa kilo biyu a kwanakin da ke gabanin zuwan jini, ya kuma sauka da kansa bayan ya zo. Taurin bayan gida ma yana da nasa rabon, musamman ga wadda ta rage ci ba ta ƙara ganye da ruwa ba. Matsananciyar yunwa kanta tana tara ruwa. A gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minnesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945, an sa maza 36 cikin ƙarancin abinci na wata shida, da yawansu ƙafafunsu suka kumbura da ruwa alhali suna ta ramewa.

Hanyar fitarsu ma daban ce. Ruwa ta fitsari da gumi da zawo yake fita. Kitse kuwa, mafi yawansa ta numfashi. Wani lissafi da Ruben Meerman da Andrew Brown suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ a 2014 ya nuna idan aka ƙone kilo 10 na kitse, kilo 8.4 iska ce da huhu ke fitarwa, 1.6 kawai ke zama ruwa. Wannan ya isa ki gane abin da ake sayar mana. Mai naɗe ciki da leda ta shiga rana, gumi ta yi, da ta sha ruwa ya dawo. Shayin rage ƙiba da ke sa mutum zarya a banɗaki, galibi ganyen filasko ne ko danginsa a ciki, hanji yake wankewa. Sikeli zai sauka, teɓa tana nan daram. Mafi haɗari masu shan maganin sa fitsari irin Lasix ba tare da likita ba, suna wasa da ƙoda da bugun zuciya don lambar da ba za ta kwana biyu ba.

Ta yaya za ki ga kitsen tunda ruwa yana rufe shi? Ko dai ki hau sikeli sau ɗaya a mako, ko kullum. Sau ɗaya a mako ya fi kwanciyar hankali, amma idan ranar ta faɗo bayan cin gishiri ko gab da al'ada, za ki yi mako guda kina baƙin cikin abin da babu shi. Ni na fi son kullum ga wadda lambar ba za ta ɓata mata yini ba: da safe, bayan kin fito daga banɗaki, kafin ki sa komai a baki, da kaya iri ɗaya, sikelin a kan siminti ko tayil, ba kan kafet ko tabarma ba. Ki rubuta a littafi, ƙarshen mako ki haɗa bakwai ɗin ki raba gida bakwai. Wannan matsakaicin shi za ki gwada da na makon gaba. Idan kika ga 84.8, sai 84.4, sai 84.1, kina sauka, ko da a tsakiya akwai ranar da ta nuna 85.6. Ki kuma gwada watan nan da na jiya a daidai kwanakin al'ada ɗaya. In mako huɗu suka wuce matsakaicin bai gusa ba, to a nan ne za a duba cin, kuma yawanci man girki, sukarin shayi, zoɓo mai zaƙi da 'yan ciye-ciyen tsakani ne ke da laifi.

Ki haɗa da tef ɗin tela sau biyu a wata, ki auna ƙugu ɗan sama da cibiya bayan kin saki numfashi. Abin nema shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawonki: mai tsawon santimita 160 ta nemi ƙasa da 80.

Akwai dai ruwan da ba a yi masa haƙuri. Idan nauyi ya ƙaru da sama da kilo biyu cikin kwana uku, ƙafa ta kumbura har in an danna yatsa ya bar rami, ga haki ko kasa kwanciya sai an tara matashin kai, wannan na asibiti ne a ranar, don zuciya ko ƙoda na iya zama sanadi. Haka mai ciki da fuska da hannuwa suka kumbura ga ciwon kai, a auna mata hawan jini ba tare da jinkiri ba. Mai jego ma ta kula: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka alaƙanta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego, don kanwa tana riƙe ruwa a jiki kamar yadda gishiri ke yi. Wadda kuma take shan prednisolone, dexamethasone ko allurar insulin, ta gaya wa likitanta canjin nauyin da ta gani, kada ta daina maganin da kanta.