Aikin hunturu a dutsen ƙanƙara: Tirol ko Val Thorens?

Ɗan'uwa, ka karɓi aikin Tirol. Ka ce otal a Ischgl ta jihar Tirol a ƙasar Ostiriya da gidan abinci a Val Thorens ta Faransa duk sun amsa maka, kuma fasfon Italiya na hannunka, to maganar izinin aiki ba ta shafe ka ba. Abin da zai raba maka gardama shi ne wurin kwana. Wanda ya je aikin watanni biyar a ƙauyen masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ɗakinsa ne ke nuna ko zai sauko da kuɗi ko zai sauko da jaka kawai.

A Tirol al'adar otal ce su ba ma'aikaci ɗaki da abinci, abin da suke rubutawa Kost und Logis a tallar aiki. Manyan otal-otal da yawa sun gina gidan ma'aikata daban: ɗakin mutum ɗaya ko biyu, banɗaki a ciki, na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gaske, injin wanki a ƙasa, abinci sau uku a rana har ranar hutunka. Wasu kyauta ne, wasu ana cire ɗan abu kaɗan. Ka tashi aiki ƙarfe goma na dare, ka taka minti biyar cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifili da maki goma, ka buɗe ƙofa ka tarar da ɗumi da ruwan zafi da ɗan filin shimfiɗa darduma ba tare da ka roƙi kowa ya matsa ba. Wannan shi ke riƙe mutum a watan Fabrairu, lokacin da ƙafa ta fara kumburi kuma ba a ganin ƙarshen baƙi. A manyan wuraren zamiya na Savoie kuwa, yankin Faransa da Val Thorens ke ciki, ƙarancin ɗakin ma'aikata tsohuwar matsala ce. Mutum uku ko huɗu a ɗan ƙaramin ɗaki mai gado a kan gado, kuma sau da yawa ana cire kuɗin haya daga albashi. A Janairun 2019 gobara ta kama wani ginin ma'aikata a Courchevel, wani ƙauyen zamiya na Savoie, mutum biyu suka rasu. Ba kowane gida ne haka ba, amma kada ka sa hannu sai sun turo maka hoton ɗakin, sun rubuta mutum nawa ne a ciki da nawa za a cire.

A takarda albashin ƙasashen biyu bai yi nisa da juna ba. Mafi ƙarancin albashi a Faransa, wanda suke kira SMIC, a 2025 ya ɗan haura Yuro 1,800 a wata kafin a cire komai, a kan awa 35 a mako. A otal da gidajen abinci an saba da awa 39, kuma awannin ƙari suna da nasu lissafi: kashi 10 cikin ɗari daga awa ta 36 zuwa ta 39, kashi 20 zuwa ta 43, kashi 50 daga nan sama. A Ostiriya babu albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa baki ɗaya, yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago da masu otal ce ke yankewa, kuma a 2025 na ma'aikacin da bai da takardar sana'a ya kai wajen Yuro 2,000. Inda ratar take shi ne a Ostiriya ana biyan albashin wata 14 a shekara. Kai da za ka yi wata biyar, za a ba ka rabonka na waɗannan ƙarin biyun gwargwadon kwanakin da ka yi, kuma harajin da ke kansu ɗan kaɗan ne. A Faransa kwantiragin aikin kaka, wato irin wannan aiki na lokacin hunturu kawai, ba ya ɗauke da kashi 10 ɗin sallama da ake ba masu sauran kwantiragin wucin gadi. Kuɗin hutun da ba ka ci ba kawai za ka karɓa, shi kuma a Ostiriya ma ana biyan sa.

Ka lura da abu ɗaya a takardar Ischgl. Masu otal a Tirol sun fi faɗin albashi da kalmar netto, wato abin da zai shigo asusunka, kuma yawanci a kan kwana shida a mako, awa 48. Adadin zai yi maka kyau a ido, amma ka tambaya ko awannin ƙari suna cikinsa, kuma nawa ne. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin shigarka da fitarka kullum, har da hutun rana. Ba don zargi ba: a ƙarshen kaka, idan lissafi ya saɓa, wannan littafin ne shaidarka. Kusan duk ma'aikaci a Ostiriya ɗan Arbeiterkammer ne kai tsaye, wato majalisar kare haƙƙin ma'aikata, ana cire ɗan kuɗinta a albashi, kuma ofisoshinta suna duba takardar albashi su ba da shawarar lauya kyauta. Wa'adin neman kuɗin awannin ƙari gajere ne, 'yan watanni, saboda haka kada ka bari sai ka koma gida. Bayan shekara ta ƙare ka cika takardar neman rarar haraji a Finanzamt, wato ofishin haraji. An cire maka haraji kamar mai aikin wata goma sha biyu alhali biyar ka yi, don haka galibi akwai abin da zai dawo, kuma kana da shekara biyar ka nema.

Takardun isowa ba su da wuya idan an yi su a kan lokaci. Cikin kwana uku da shiga ɗaki ka kai Meldezettel, wato takardar rajistar adireshi, ofishin ƙaramar hukuma, da sa hannun mai gidan. Mai otal ya yi maka rajista da inshorar lafiya tun kafin ranar farko ta aiki, ka nemi kwafin rajistar ka ajiye. Da yake za ka wuce wata uku, akwai takardar shaidar zama ta 'yan Tarayyar Turai, Anmeldebescheinigung, wadda ake nema cikin wata huɗu da shigowa. Albashin farko sai ƙarshen wata, wani wurin ma sai an shiga sabon wata, to ka hau dutse da aƙalla Yuro 600 a aljihu. Kuma ka sani ɗaki da aiki a ɗaure suke a ƙasashen biyu. Idan aka sallame ka a lokacin gwaji, ɗakin ma ya tafi, shi ya sa kuɗin jirgin ƙasa na komawa ba abin taɓawa ba ne.

Val Thorens tana da abin da za a faɗa mata: tana kan mita 2,300, babu ƙauyen zamiya da ya kai ta tsayi a Turai, ƙanƙararta ba ta yankewa daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Mayu, kuma tana cikin yankin Les 3 Vallées mai hanyoyin zamiya kilomita 600. Wannan na mai son wasan ne. Ga ma'aikaci, tsayin yana nufin ciwon kai da rashin barci a kwanakin farko, bushewar hanci har ya yi haɓo, da tafiyar kusan awa ɗaya a hanya mai lanƙwasa kafin ka sauko Moûtiers inda jirgin ƙasa da shaguna masu sauƙi suke. Ischgl tana kan mita 1,377 ne kawai, kakarta ma daga ƙarshen Nuwamba take zuwa farkon Mayu, kuma bas na sauka Landeck, daga nan jirgi ya kai ka Innsbruck, babban birnin Tirol.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma shi zai fi damun ka bayan mako biyu. Ischgl garin shagali ne. Da an rufe lif, wato na'urar da ke hawa da masu zamiya kan dutse, da yamma sai mashaya su cika, kiɗa da giya har dare. Idan takardarka ta ce Service ko Bar, ɗaukar giya ne aikinka daga safe zuwa dare. Ka nemi a mayar da kai gyaran ɗakuna, ko wanki da guga, ko wankin kwanuka a kicin, ko ka nemi kamfanin lif ko shagon hayar kayan zamiya. Aikin lif yana farawa da sassafe ya ƙare kafin magariba ko jim kaɗan bayanta, sai dai a waje kake yini. Na kicin kuwa rabe yake gida biyu, safe zuwa bayan azahar, sannan yamma zuwa dare, kuma naman alade yana ko'ina: Speck a cikin miya da curin burodi da suke kira Knödel, kitsensa a soye-soye. A Savoie ma haka, tartiflette da guntun naman alade ake yin ta, fondue kuma da farar giya. Tun ranar farko ka gaya wa shugaban kicin ba ka ci, cikin girmamawa. Sun saba, domin Turkawa da 'yan Bosniya sun daɗe suna aiki a otal-otal ɗin Tirol. Kifi, ƙwai, dankali, cuku da taliya ba sa yankewa. Nama na halal sai ka sauka kwarin kogin Inn, inda garuruwan Telfs da Innsbruck suke. Masallacin Telfs mai hasumiya yana nan, Innsbruck ma tana da masallatai, kuma Ostiriya ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912. Asabar ce ranar da tsofaffin baƙi ke fita sababbi su shigo, ba wanda ke samun hutu ranar, amma Juma'a ana iya samu idan ka nema tun kafin a fitar da jadawali.

Azumi a shekarun nan yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da makarantun Turai ke hutu kuma otal ke cika maƙil. Yinin bai da tsawo, kuma sanyi na rage ƙishi, amma buɗa-baki yana zuwa ne lokacin da aka fara fitar da abincin dare. Ka ajiye dabino da gorar ruwa kusa da wurin aikinka, ka roƙi minti goma tun kafin watan ya kama, kuma ka ce a riƙa ajiye maka abincin rana don sahur. Mai gyaran ɗakuna ya fi kowa samun sauƙi a nan, domin kafin la'asar sakaliya ya gama.

Kayan sawa kada ka sayi babbar riga guda ka ce ka gama. Hawa uku ake yi: ta ciki mai kama jiki ta ulu ko roba, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Auduga a jikin fata ita ce kuskuren sabon zuwa, domin tana shan gumi ta riƙe shi, da ka tsaya sai sanyi ya shige ka. Takalmi mai ƙasa mai haƙora, wanda ya ɗan fi ƙafarka girma don safa mai kauri, safar hannu biyu don ɗaya ta bushe, da tabarau mai lamba 3 ko 4, saboda hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido. Iskar can ta fi ta hunturun gida bushewa, leɓe da dunduniya da bayan hannu duk suna tsagewa, musamman ga mai wankin kwanuka. Man kaɗanya yana yin aikin da ya saba. Baƙar fata ba ta samun isasshen bitamin D a irin wannan rana, ka tambayi mai kantin magani tun farkon kaka.

Idan za ka koyi zamiya a ranar hutu, kuma zai yi kyau ka koya tunda ma'aikata na samun ragi a katin lif, ka sayi inshorar ceto kafin ka ɗaura takalmin. Inshorar lafiya ta aiki tana biyan asibiti, amma ba ta ɗaukar nauyin jirgi mai saukar ungulu idan a wasa ka ji ciwo a dutse, kuma kuɗinsa dubban Yuro ne. Katin Alpenverein, ƙungiyar masu hawan dutse, ko gudummawar shekara ga Bergrettung, ƙungiyar ceton dutse ta Tirol, suna rufe wannan da kuɗi kaɗan. A Faransa ma saukar da mai rauni daga hanyar zamiya biya ake yi, shi ya sa ake sayen katin inshora mai suna Carte Neige. Lambar ceton dutse a Ostiriya 140 ce, 112 kuma tana aiki ko'ina. Ka ɗauki darasi biyu ko uku wurin malami, ka tsaya a hanyoyi masu alamar shuɗi, kada ka bi abokan aiki ka tsallake igiyar da ke iyakance hanya. Gwiwa ɗaya ta gurɗe a Janairu, kakar ta tafi.

Sauran 'yan'uwa da ke karanta wannan da fasfon Najeriya, Nijar ko Gana, ku ji ni da kyau, domin dillalai sun gano wannan kasuwa. Duk wanda ya ce zai samo muku bizar hutu da aiki ta Kanada ko Japan don zuwa wuraren zamiya na Whistler ko Niseko, ƙarya yake yi: ƙasashenmu ba sa cikin wannan yarjejeniyar. Katin zama na Italiya ko Jamus ma ba izinin aiki ba ne a Ostiriya ko Faransa, ziyara ta kwana 90 cikin 180 kawai yake ba ku. Hanyar gaskiya ta hannun mai otal take bi. A Ostiriya shi ke neman izini a AMS, ofishin samar da aiki na gwamnati, daga cikin adadin guraben da gwamnati ta ware wa ma'aikatan kaka, na wata shida, a iya ƙarawa zuwa tara. A Faransa shi ke neman izinin aiki ta intanet, katin ma'aikacin kaka kuma bai yarda a wuce wata shida cikin goma sha biyu ba. Babu inda ma'aikaci ke sayen gurbi. Idan aka turo maka kwantiragi ta WhatsApp aka ce ka biya kuɗin ɗaki ko na rajista tukuna, ka nemo lambar otal ɗin daga shafinsa na ainihi, ka kira da kanka ka tambaya ko sun san sunanka. Guraben gaske suna EURES, shafin neman aiki na Tarayyar Turai, da shafin AMS da na France Travail, ofishin samar da aiki na Faransa, kuma daga Agusta zuwa Oktoba ake cike su.

Kai kuma ɗan'uwa, ka amsa wa na Ischgl yau, ka nemi su rubuta maka sashen da za ka yi aiki, awa nawa a mako, mutum nawa a ɗaki, da ranar ƙarshen kwantiragi. Italiyanci da Turancinka za su ishe ka a gyaran ɗakuna ko bayan kicin, amma ka haddace lambobi da sunayen kayan aiki da Jamusanci kafin Nuwamba.