A-kori-kura uku a fadamar Argungu, damina ɗaya

Motoci uku ne suka yi aiki iri ɗaya bana, kai taki da injinan ban ruwa fadama, da kaka kuma kwaso shanshera zuwa Birnin Kebbi: Land Cruiser 79 mai injin gas 1HZ, Hilux mai fetur lita 2.7, da wata 'yar Kwatano mai gas da aka ƙera don kasuwar Turai. Ta ukun ba zan kira sunanta ba, abin da ya same ta zai iya samun duk irinta.

Ita ce ta fi daɗin tuƙi, ita ce kuma ta ƙona min rai. Injinta na zamani ne, famfo yana matsa mai da ƙarfin bar (ma'aunin matsi) 1,600 zuwa 2,000 kafin kwamfuta ta buɗe nozul, ramukan nozul ɗin kuwa da kaɗan suka fi gashin kai kauri. Jarka ɗaya ta gas ɗin 'yan bumburutu mai ruwa a gindi ta gama da ita. Gas ɗin da kansa ne ke shafa wa famfo maiƙo, ruwa ya shiga sai ƙarfe ya ci ƙarfe, garin ƙarfen ya bi bututu ya cika nozul huɗu, ragowar ya koma tanki. Fitilar filta ta kama tun da wuri, aka ce ai fitila ce kawai. Gyaran ba canza abu ɗaya ba ne: famfo, nozul duka, sauke tanki a wanke, busa bututai, sannan a shigar da lambar kowane sabon nozul cikin kwamfutar motar. Bakaniken gari ba shi da wannan na'ura. Mako uku tana ajiye a tsakiyar girbi, ana biyan motar haya.

Ko kafin haka tana da wata cutar. A salansarta akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda ba ta ƙone baƙin da ta tara sai an yi doguwar tafiya a kwalta da gudu. Motar da ke yini a giya ɗaya da biyu cikin taɓo yaushe za ta samu wannan? Tana toshewa, kwamfuta ta rage ƙarfin injin. Wanda ya riga ya sayi irinta, ya ƙara filta mai raba ruwa kafin ta asali, ya kwance murfin ƙasanta duk mako ya zubar da ruwan, ya bar jarka ta kwana kafin a juye, kuma kada a juye ta har gindi.

Land Cruiser daga jarkokin nan ta sha, ba ta ko yi tari ba. Silinda shida, lita 4.2, babu tobo, famfonta na ƙarfe zalla wanda masu gyaran famfo suka sani. Gaba da baya aksil ɗinta guda ne miƙaƙƙe, shi ya sa taya ɗaya in ta faɗa rami ɗayar tana nan dafe da ƙasa. Sharaɗi dai, a sauka a murɗa makullin tayoyin gaba kafin a shiga laka, ba bayan an kafe ba, a sa ƙaramar giyar fowil mai jan tayoyi huɗu, a tafi da giya biyu ba tare da taka kuloci ba. A yashi a rage iskar taya zuwa PSI 20. An hau kwalta a cire fowil, barin ta yana cin giya da taya.

Da nan na tsaya sai in ce kowa ya saye ta. To amma ɗora mata kaya ka hau hanyar Jega zuwa Yawuri. Ƙarfinta wajen doki 130 ne, wuce tirela sai da dogon lissafi. In babu kaya sifirin ɗin baya yana dukan ƙugu, mai ciwon baya ya yi nesa. Waɗanda aka ƙera daga 2007 tayoyin bayansu sun fi na gaba matsuwa, a rairayi ba sa bin sawu ɗaya, sai ka ji gindin yana lilo. Bel ɗin tayimin a canza shi a kilomita 100,000, in ya tsinke bawul ya tafi. Kuɗinta kuwa, tsada gare ta.

Shi ya sa ga wanda rabin aikinsa kwalta ne, Hilux mai fetur ta fi hankali. Injinta, 2TR, sarƙar tayimin gare shi, ba bel ba, kayansa kuma har Kamba ana samu. Tana shan mai in an yi lodi, kuma robar shaf ɗin gaba a duba ta bayan kowace shiga taɓo, in ta yage yashi ya cinye joyin cikin 'yan makonni. Nauyin da take ɗauka kusan tan ɗaya ne, buhu 12 mai kilo 80. Masu ɗora 20 su ne kullum a wurin mai walda da karyayyen sifirin.

'Yar Kwatano an gyara ta, tana tafiya lafiya. Fadama dai ba za ta sake gani ba, an bar ta da zirga-zirgar Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, kuma gas sai na gidan mai.