Sabon Kebul ko Network Reset: Wanne Ya Kamata a Fara?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa kwamfutarsa ta tebur mai Windows 10 tana haɗe da rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, ta kebul. An ɗauke wuta, da aka dawo da ita sai intanet ya ƙi dawowa a kwamfutar, alhali wayoyin gidan duk suna hawa ta Wi-Fi ɗin wannan rautar. Wani ya ce masa ya sayi sabon kebul, wani kuma ya ce ya danna Network reset kawai. Wanne zai bi?

Malam, kowace shawara tana da ranarta, amma ba ciwo ɗaya suke magani ba. Tun da wayoyi suna hawa, cire kamfanin layi da ƙarewar data daga lissafi. Matsalar tana tsakanin ramin rauta da kwamfutarka. Kafin ka kashe ko kwabo, ka zagaya bayan kwamfutar ka dubi inda kebul ya shiga. A yawancin kwamfutoci akwai ƙananan fitilu biyu a bakin ramin, ɗaya ta tsaya cak, ɗayar tana ƙyaftawa idan bayanai na wucewa. Su ne alƙalin wannan gardama.

Idan fitilun a mace suke, galibi maganar kebul ce da ramuka. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, za ka ga jan gicciye a kan Ethernet da rubutun Network cable unplugged. A wannan hali ko sau goma ka goge saiti, aikin banza ne, don sigina ba ta ma isa daga rauta zuwa kwamfuta ba. Idan kuwa fitilun suna ci amma shafi ya ƙi buɗewa, kebul ya kusa wanke kansa, sai a koma cikin Windows.

Mu fara da ɓangaren kebul. A cikinsa akwai siraran wayoyi 8 da aka murɗe bibbiyu. Haɗin megabit 100 yana amfani da huɗu ne kawai, na lamba 1, 2, 3 da 6, wato masu ruwan lemo da koraye a jerin da aka fi ɗaurawa. Haɗin gigabit kuwa sai duka takwas ɗin sun haɗu. Shi ya sa kebul zai iya lalacewa rabi da rabi: idan shuɗiya ko mai ruwan ƙasa ta tsinke, sau da yawa haɗin yakan sauko zuwa 100 ya ci gaba da aiki, amma idan mai ruwan lemo ko koriya ce ta tsinke, komai ya tsaya. Inda aka fi samun matsala shi ne kan roban nan da ake turawa cikin rami. Ɗan harshensa yakan karye, sai ka ga kebul a ciki alhali ya ɗan zamo. Ka zare ka mayar har sai ka ji ƙas, a ɓangarorin biyu. Sannan ka bi tsawonsa da hannu, musamman inda ƙofa take danne shi da inda ɓera zai iya kai baki. Kebul mai araha, wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, shi ya fi saurin karyewa a wajen lanƙwasa. Tsawo ma yana da iyaka: mita 100.

Kada ka yi saurin saye. Aro kebul gajere da ka tabbatar yana aiki, ka matso da rautar kusa ka gwada. Ka kuma canza rami a bayan rautar, daga LAN1 zuwa LAN2, don rami ɗaya yakan ƙone sauran suna lafiya, musamman bayan tsawa ko wuta mai ƙarfi. Ka lura kada ka cusa a ramin WAN, wato na shigowar layin intanet, wanda galibi launinsa daban yake. Mutane da yawa suna faɗawa wannan tarkon bayan an yi shara an mayar da kaya.

Tun da ɗauke wuta ce ta jawo, akwai abu guda da ba na kebul ba, ba kuma na saiti ba, kuma shi ya fi dacewa da labarinka. Katin sadarwar da ke jikin babban allon cikin kwamfuta (motherboard) yana samun 'yar wuta ko da kwamfutar a kashe take, kuma yakan sandare. Ka kashe ta, ka zare igiyar wuta daga soket, ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 30, ka mayar. Ita ma rautar ka zare mata wuta na minti ɗaya. Wani abin lura: Shut down a Windows 10 da 11 ba ya sake loda direba, wato manhajar da ke tuƙa katin, gaba ɗaya saboda tsarin saurin tashi da ke kunne, Restart ne yake yin hakan.

Yanzu ɓangaren Windows, idan fitilu suna ci. Buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig, ka nemi sashen Ethernet. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfuta ta roƙi rauta lamba ba ta samu ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta. Ka rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. Idan ka ga lamba irin 192.168.1.5 ko 192.168.8.100, to sun gaisa da rauta. Sai ka duba lambar da ke gaban Default Gateway, wato ta rautar, ka rubuta ping da lambar a gaba don ka ga ko za ta amsa. Ta amsa? Ka yi ping 8.8.8.8. Idan wannan ma ya amsa amma ping google.com ya ƙi, intanet yana nan, mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ne ya makale, wato DNS. Maganinsa ipconfig /flushdns, ko ka sa 8.8.8.8 da 1.1.1.1 da hannu a saitin IPv4. Kana nan ɗin ka tabbatar ba wani ne ya taɓa kafa wa kwamfutar tsayayyen adireshi na wani ofis ba.

To ina matsayin Network reset? Guduma ce, ba allura ba. Yana cire duk katunan sadarwa ya sake girka su, ya mayar da saiti yadda ya zo, kwamfuta ta sake tashi bayan minti 5. Yana gyara saitin da wata manhajar VPN ko ta kashe ƙwayoyin cuta ta dagula. Amma yana tafiya da kalmomin sirrin Wi-Fi da ka adana da duk adireshin da aka sa da hannu, wani lokaci sai ka sake girka VPN. Canza kebul ba ya goge maka komai, kuma cikin minti biyu ka san amsa. Wannan bambancin kaɗai ya isa a sa kebul a gaba. Ko an zo kan saitin ma, gara ka fara da netsh winsock reset da netsh int ip reset a cmd da aka buɗe da ikon mai gudanarwa, ka sake kunna kwamfuta, kafin ka ɗauko gudumar.

Akwai halin da shawarwarin biyu duk ba za su yi ba. Buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Network adapters, inda za ka ga suna irin Realtek ko Intel. Alamar rawaya a kansa matsalar direba ce: sauke shi ta wayarka daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka turo ta USB. Idan sunan ya ɓace ɗungurungum, shiga BIOS, saitin kwamfuta da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka ga ko an kashe Onboard LAN. Idan ƙaramin batirin babban allon, CR2032, ya mutu, saitin BIOS yakan koma na asali duk lokacin da wuta ta yanke, agogo ma ya rikice, shafuka su riƙa kukan rashin tsaro alhali haɗi lafiya lau. Duba kwanan watan da ke ƙasan allo.

Idan kebul mai kyau ne, rami mai kyau ne, BIOS daidai, amma fitilu sun ƙi ci, katin ya ƙone. Ba sai an canza babban allo ba. Adaftar USB zuwa Ethernet ta fi sauƙi, a tura kawai, sai dai ka nemi ta USB 3.0 idan kana son gigabit, don ta 2.0 ba ta kaiwa. Katin PCIe na cikin akwati ya fi zama daram ga kwamfutar tebur da ba a motsa ta, ƙusa ɗaya ce ke riƙe shi, kuma ba ya cinye maka ramin USB.