Tukunya a harabar coci, ko tiyar hatsi a gida?

A ƙauyukan Malumfashi da Kafur, inda akwai Hausawa Kirista da dama, rumbu kan yi ƙasa a Yuli da Agusta, kafin sabon gero ya nuna. Cocin da ya tara baiko, wato sadakar masu ibada, don ciyar da yara sai ya zaɓa: a dafa, ko a raba ɗanye.

Rabon hatsi ba wuya. Uwa ta kawo buhu a auna mata tiya biyu, shi ke nan. Sai dai a gidan mutum goma, tuwon kwana biyu ya cinye shi. Yaron da tamowa ta kama, loma nawa zai samu a kwano ɗaya da yayyensa? Wata ma ta kai rabi kasuwa don kuɗin magani, kuma ban ga laifinta ba.

Dafawa kuwa aiki ne ja. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su fito da asuba, hayaƙin jiƙaƙƙen itace na sa su hawaye, ana dama kunun gero da gyaɗa da waken soya. Amma a gabanka yaron zai shanye, har ya lashe kofi, ɗan maƙwabci Musulmi ma ya zo da nasa. Ni nan na karkata, ko da yake yaran ƙetaren rafi ba sa zuwa ranar da ruwa ya kawo.