Tayar motar kwana a lokacin dusar ƙanƙara: wacce za ka saya?

Motar kwana, wato wadda aka saka wa gado da kicin, kullum cikin lodi take, kuma takan yi watanni a ajiye. Shi ya sa aka yi mata tayoyi na musamman masu alamar CP a gefe. Jikinsu ya fi ƙarfi, suna ɗaukar matsin iska har 5.5 a ma'aunin bar a ƙafafun baya, amma sai da bawul na ƙarfe, don na roba ba a yi shi don wannan matsin ba.

Kafin ka tambayi kuɗi, nemi hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki a gefen tayar, alamar cewa ta dace da dusar ƙanƙara. Tun 1 ga Oktoban 2024 Jamus ta daina karɓar alamar M+S (laka da dusar ƙanƙara) kaɗai a matsayin tayar hunturu. Faransa ma wannan hoton take nema a yankunan tsaunuka, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Zaɓina shi ne Michelin CrossClimate Camping. Tana da CP, tana da hoton dutsen, kuma zanenta mai siffar V yana watsa ruwa gefe, don haka birki na kamawa a jiƙaƙƙiyar kwalta. Tayar kowane yanayi ce, don haka ba sai ka canja taya sau biyu a shekara ba. Ga Fiat Ducato, motar da aka saba mayarwa motar kwana, akwai girman 225/75 R16, sai dai ka duba lambar nauyi: 116 na nufin kilo 1,250 a kan kowace taya. Tana da tsada, amma ta ci kuɗinta. Continental VanContact Camper na biye da ita. Tayar hunturu zalla ta wanda zai daɗe a tsaunukan Alps ce. Masu manyan haƙora na shiga daji kuwa, ƙara gare su, ga santsi a ruwa.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen gwanjo. Motar kwana ba ta cin zane, shekaru ne ke kashe tayarta. Za a nuna maka taya zanenta cike, alhali robar ta bushe. Karanta lambobi huɗun ƙarshe na DOT, wato lambar da ke gefen taya mai nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta haura shekara shida, ko ka ga an kankare wurin, ka bar musu kayansu. Wasu har sudaddiyar taya suke sake yanka wa zane, su shafe ta da baƙi. Lanƙwasa gefen ka nemi tsaga, ka leƙa ciki ko akwai faci. Doka a Turai ta yarda da zurfin zane na milimita 1.6, amma a dusar ƙanƙara kada ka yarda da ƙasa da 4.